Shekarar da Na Harbe Babba-da-Jika

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma bai iya kwashe shekarar da na harbe babba-da-jika ba. Zamanin Turawa ne, ina ji da ƙarfi, ina farauta a fadamar Haɗeja.

Mutanen yanzu da wuya su ga tsuntsun nan. Tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, kansa sanƙo, ga wata jaka tana reto a wuyansa. Muni kam ba a magana. Amma idan ruwa ya janye ya bar tafkuna nan da can, tafkin da tsuntsun ya tsaya a bakinsa shi ne mai kifi. Da shi kawuna, Sarkin Ruwan ƙauyenmu, yake zaɓen tafkin da jama'a za su taru su yi su, kifin da za a ƙyafe a ci har damina. Biyu kawai suka rage mana, suna sheƙa a kukar bayan gari.

Sai wakilin wani kamfanin Turawa ya zo neman lallausan gashin ƙarƙashin wutsiyarsa, wai matan can suna ado da shi. Na ɗaura kan burtu na itace a goshi, na rarrafa kamar tsuntsu mai kiwo har na matso. Kibiya ɗaya ta ishe shi. Ɗayan ya kwana uku yana shawagi sannan ya tafi, 'ya'yan suka mutu a sheƙa.

Kawu bai zage ni ba. Ya ce, "To, ɗan nan, tunda ka sallami mai duba mana ruwa, bana kai za ka duba."

Na ce, "Kawu, ai wannan ba wani abu ba ne." Ƙuruciya ke nan.

Na zaɓi tafkin da ya fi girma, a tunanina babban ruwa shi ne babban kifi. Aka yi shela, ƙauyuka uku suka zo da goruna da homar kamun kifi. Tun hantsi har la'asar, abin da aka fitar bai cika kwando biyu ba, rabinsa ma kwaɗi. Kafin a gano tafkin da ke da kifin, ya riga ya ƙafe.

Wani tsoho ya wuce ni yana matse wandonsa, ya ce, "Sannu da aiki, maigida."

Kawu ne ya bi gida-gida yana ba da haƙuri, da furfurarsa. Wannan ya fi mini duka ciwo.

Tun daga lokacin, kafin in ɗaga hannu a kan wata halitta, sai na tambayi manya wane aiki take yi mana wanda ban sani ba.