Gayan tuwon da ya kifar da mulkin maigidana

Shekarun baya ne, ba da nisa sosai ba. Bayan shekarar da gubar dalma ta kwashe mana yara, amma kafin mutanen daji su hana mu kwana a gona. A tsakanin nan aka yi abin. Ni ban san lissafin boko ba, da irin wannan nake ƙirga, kuma ban taɓa ɓata ba.

Maigidana da ƙanensa katanga ɗaya ta raba gidajensu, a ƙauyenmu na ƙasar Anka. Tun kafin a kawo ni suke ciyayya. Kowa a fito da akushinsa ƙofar gida bayan magariba, a haɗa a ci, rediyo na gefe yana magana. Ko ranar da suka binne mahaifinsu ba su fasa ba.

To, sai rediyo ta ɗauko labarin shugaban wata ƙasa can nesa. Da fari abin kunya aka tono masa, wai dukiyar jama'a ya ɓoye, 'ya'yansa na wasa da ita. Mutane suka fito titi. Kafin a ankara sai ga manyan ƙasashe sun shigo da jiragensu, aka kifar da shi. Ban san ƙasar ba, su ma ba wanda ya taɓa taka ta. Amma kullum ina jin su ta bayan zaure suna gardama kamar gadonsu ake rabawa.

Maigidana ya ce, "Turawa na sunka tuge shi. Abin kunyar ga duk shiri na. Wane shugaba na bai ci ba?"

Ƙanen ya ce, "Yaya, halinai yak kada shi. Da bai cuci mutanensa ba, wa za ya buɗe ma baƙo ƙofa?"

"Kai dai rediyo ta faɗi, ka haɗiye."

"Kai ma ai ba wahayi anka yi maka ba. Rediyon ga ɗaya muke saurare."

Haka ake yi ana dariya, ana suɗe kwano. Har ranar da maigidana ya ga gardama na neman kayar da shi, ya ce, "Ai dole ka kare su, ɗan koren Turawa."

A nan sai na yi muku bayani. Lokacin dalma ƙanen nan ya rasa ɗiya ɗaya. Ta biyun likitocin waje ne suka ba ta magani, Allah ya tashe ta. Shi kuma ya shiga aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje tare da su. Wannan aka yi masa gori da shi. Ƙanen ya wanke hannu, ya ɗauki akushinsa da tuwo a ciki ya shige gida. Washegari bai fito ba. Jibi ma haka.

Maigidana ya ci gaba da zama shi kaɗai a ƙofa, yana ƙure rediyo don a san bai damu ba. Masu wucewa masallaci suka fara kallon tabarmar da rabinta ba kowa. Ni na san in ciyayya ta mutu, gaba gona za a raba, daga nan yara su daina shiga gidan juna. Na yi masa magana. Ya ce, "Ke ina ruwanki da siyasar duniya? Nan gidan ni ka mulki." Na ce to.

Na zaga wajen facalata, matar ƙanen, 'yar Gummi ce, mai hannun miya. Na ce, "Daga yau ni tuwo kaɗai zan tuƙa, ke miya kaɗai za ki kaɗa." Ta dube ni ta ce, "Yaya, in anka kore ni fa?" Na ce, "Tare za mu hau babur."

Da magariba na kai masa tuwon dawa, malmala uku, ba ɗigon miya. Na ce kuka da daddawa sun ƙare. Can kuma facala ta ajiye wa nata mijin miya zalla, ta ce injin niƙa ya mutu. Maigidana ya ci gayansa da gishiri da yaji, yana cewa haka mazan jiya suka ci. Ya ci na biyu yana kora ruwa. Facala kuwa da gangan take soya albasa a gindin katanga, ta wajen da iska ke bi. Ni ma fa gayan nake ci, har na fara tunanin dabarar tawa ni za ta fara kayarwa.

Wata magariba na ga ya ɗauki akushin, ya tsaya a bakin zauren ƙanensa, ya yi gyaran murya.

"An ce kana shan miya awa mai jego."

Daga ciki aka ce, "An ce kai kuma tuwo na maƙale ma a wuya."

Sannan maigidana ya ce, "Kalmar ga da nif faɗi, ba ta gidanmu ba ce. Fito da miyar."

Ya fito. Suka ci har suka nemi ƙari.

Da ya gane abin da muka ƙulla sai ya ce mini, "Juyin mulki kunka yi min, da hannun ƙasar waje. 'Yar Gummi kinka ɗauko." Na ce, "Malam, da ba ka yi abin kunya da bakinka ba, ta ina za ta shigo?" Ƙanen ya ce ga maganarsa ta fito. Maigidana ya ce a'a, tasa ce ta fito, don ba don hannun waje ba da har yau yana kan mulki. Suka dasa sabuwar gardama, hannu cikin kwano ɗaya.

Ni har yau ban san wa ya fi gaskiya kan shugaban nan ba, kuma bai hana ni barci ba. Na dai ga abu biyun sun haɗu a tsakar gidana. Maigidana ya rasu, ƙanen ya bi shi bayan damina biyu, ba wanda ya sauka daga kan maganarsa. Ɗiyar da ta tashi tana ɗakin mijinta a Bukkuyum. Cikin waɗanda suka ci gayan nan da waɗanda suka sha miyar, saura ni da facalata. Har yanzu in ta kaɗa miya, sai ta buga katanga in fito da tuwo.