Zoɓon Gwaggo Ya Koma Kore

Jama'a, yau saura ƙiris a yi dambe a gidanmu na Zongo saboda zoɓo!

Gwaggo Rabi ce ta zo daga Jugu taya mu aikin suna. Ta dafa zoɓo, ta ce ya cika tsami, ta zuba masa ruwan kanwa. Nan take jan zoɓo ya koma kore. Sai ta hau salati: "Maƙwabciyarku ce ta leƙa tukunyar nan ɗazu. Sammu ne!"

Har ta ci ɗamara za ta fita. Na ce, "Gwaggo, kanwa ce ta kashe tsamin, shi ya sa launin ya juya." Na matse lemun tsami a ciki, ja ya dawo.

Ta kalli tukunya, ta kalle ni, ta ja da baya.

Ta ce, "Ashe ke ce."