Mai Hannu Ɗaya a Gidan Abincin Nosrat

A gidan abincin Nosrat, nan unguwarmu a Shiraz, wani dattijo na zaune shi kaɗai, hannun rigarsa na dama a naɗe. Ina jin yaƙi ne ya tafi da hannun tun yana saurayi.

An kawo masa 'yar tukunya ta nama da wake, irin wanda mai ci ke dakawa da kansa, ya tsiyaye romon a kan gurasa. Saura daka nama da wake a 'yar tukunyar, amma da ya sa taɓarya sai tukunyar ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. Ya ƙi ɗaga kai.

Nosrat ya zo ya zauna, ya dafe tukunyar kamar hutawa yake.

"Haji, anya za a yi ruwa bana?"

"Allah masani, ɗan'uwa," in ji dattijon, yana daka.

Hirar ruwa suke ta yi har naman ya daku.