Jegon da ya watsa gidanmu

Ranar Juma'ar da aka yi sunan ƙanena Sani, farkon damina, ina aji uku a lakwal, wato makarantar boko, gidanmu na Sabon Gari ya cika maƙil da mata. An yanka rago, shinkafa tana kan wuta, aka aike ni in kira Inna ta fito a gaisa. Na tarar da ita zaune a bakin gado ta ba ƙofa baya, sabon zanen suna yana ninke kusa da ita, jariri yana ta tsala kuka. Na ce, "Inna, yana kuka." Ta ce, "Na ji, Rabi." Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Kafin wannan haihuwar, Inna ce muryar gidanmu. Tana matsar man gyaɗa, tana toya ƙuli-ƙuli, tana yi mini kitso tana tsokanar duk wanda ya gifta. Yanzu sai ta wuni ba ta ce uffan ba, kunun kanwa ya huce a gabanta har ƙudaje su rufe shi. Hajiya, kakata ta wajen uba, wadda ta zo daga Tibiri don yi mata wankan jego, takan tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Mu mun haifi tara ba mu kwanta ba. Ƙiwuya ce kawai." Maƙwabta suka ce iska ce. Baba, mai sayar da gero a kasuwa, ya ɗora ta a kabu-kabu zuwa wurin wani mai magani, ta dawo tana warin hayaƙi, idanunta jawur. Da abin ya ƙi, sai shi ma ya daina magana, ya koma cin abinci a rumfarsa.

Goyo ya dawo bayana, haka daka da ɗebo ruwa a famfo. Ina jin ƙawayena suna carafke a bakin zaure, ni ina wankin tsumman jariri. Sau biyu malamarmu tana aiko a tambaye ni, Baba ya ce a bari gida ya daidaita tukuna. Ban sake komawa aji ba.

Wata rana da la'asar na iske Inna riƙe da ƙafar Sani, hawaye yana zuba. Ta ce, "Rabi, wallahi ina son shi. Amma in na ɗauke shi sai in ji kamar ɗan wata mata ne." Na ruga na gaya wa Hajiya, don a zatona in manya suka ji za su san maganin. Hajiya ta ajiye muciya ta dube ni. A satin nan ta naɗe Sani a zane ta tafi da shi Tibiri, Inna kuma aka kai ta gidan iyayenta a Jiratawa, wai ta huta. Bayan girbi takardar saki ta bi ta.

Ta warke a hankali, tana tsinkar zogale a lambun yayanta. Amma Sani ya tashi yana ce mata baƙuwar Jiratawa, har yau da yake da 'ya'yansa gaisuwar maƙwabta yake yi mata.

Lokacin haihuwata ta fari, ungozoma ta zaunar da ni ta tambaye ni ko ina cin abinci, ko kuka yana zo mini haka kawai. Ta ce akwai ciwon damuwa da kan kama mai jego, ba laifin kowa ba ne, kuma ana jinyarsa a warke. Na fashe da kuka a gabanta, ta ɗauka kaina nake yi wa.

Inna ta tsufa yanzu, ina zuwa Jiratawa in yi mata kitso. Ba ta taɓa tambayar wanda ya kai maganar nan ga Hajiya ba. Ni ma har yau na kasa gaya mata.