Alkasim Ya Je Neman Darbejiya a Dajin Kepong

Shekara tara Alkasim yana ɗaure kayan 'yan kasuwa a Chow Kit, kuma bai taɓa zuwa kallon bishiya ba. Abin da ya kai shi shi ne Josiah, ɗan Jos da suke haya tare a Cheras. Korona ta kwantar da Josiah, likita ya ce ya killace kansa a ɗaki. Kwana uku bai sa komai a baki ba.

A zauren WhatsApp na 'yan Najeriya kuwa saƙo ya fi ɗari. Wannan addu'a, wancan wa'azi. Ko ruwan shayi babu wanda ya aiko.

"Malam," in ji Josiah ta bayan ƙofa, "da zan samu suracen darbejiya irin na mamana, ina jin zan ci abinci."

"Ɗan Jos, kana numfashi da ƙyar kana zaɓen ganye?"

Washegari Alkasim ya ɗau buhu da wuƙa. An ce masa akwai lambun bincike a Kepong, daji guda, babu bishiyar da babu. Ya hau jirgin MRT zuwa tsakiyar gari, ya canza jirgin ƙasa, ya ƙarasa a ƙafa, takunkumi ya jiƙe sharkaf. A ƙofa ya nuna shaidar rigakafi.

Da silifas ya shiga, kamar mai zuwa gona a Bichi. Ciki duhu, ƙasa caɓal, ruɓaɓɓen ganye na wari. Kowace bishiya da allon sunanta, mutane na ɗaukar hoto da ita. Awa biyu, babu darbejiya. Da ya duba ƙafarsa sai ga matsattsaku biyar sun ƙoshi da jininsa, sun yi luƙui tsakanin yatsu. Ya tsuguna yana cire su.

"Tir! Ku ma sai kun sha?"

Wata tsohuwa Ba'indiya mai shara ta hango wuƙar. "Tak boleh!" ta ce, wato an hana. Nan ko ganye ɗaya ba a tsinka. Ya nuna mata hoton darbejiya a waya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wannan ai ba ta son irin wannan dajin, ya duba ƙofofin Indiyawa, tun da cutar ta zo suke rataye ta.

Ya koma Cheras yana ɗingishi. A hawa na huɗu na benen da suke haya, ƙofar da yake wucewa kullum, ga darbejiya nan a rataye. Ya ƙwanƙwasa. Maigidan bai tambaye shi komai ba, ya sauka bayan gini ya karyo masa rassa.

Josiah ya lulluɓa da bargo a kan tukunya, ya yi gumi, ya sha kunu rabin kofi. Tarin na nan, amma ya nemi ƙari.

Wayar Alkasim ta yi ƙara. Wani a zauren yana ba da shawarar a gwada darbejiya. Ya kife ta, ya ci gaba da wanke jinin ƙafarsa.