Damin Alkamar da Tsoho Ya Mayar

Abubuwa da yawa na shekarar korona sun fara ɓace mini, amma ranar da wani tsoho ya shigo masussukar kawuna da damin alkama a ka, yana haki, ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi.

Lokacin an kulle gari. Motocin da ke zuwa ɗaukar tumatir zuwa kudu sun ɗauke ƙafa, injinan casar shinkafa na Kura sun yi tsit, ga azumi ya ƙarato. Mu masu gona da ɗan sauƙi, tunda ruwa bai daina gudu a kanal ba. Wanda ya shiga uku shi ne wanda sai ya fita yau zai ci yau. Sai mu matasan unguwa muka haɗa kai, kawuna yana jagorantarmu, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, wani shinkafa, wani albasa, wani kauɗar tumatir. Mu ƙulla a leda, mu ɗaure hanci da ƙyalle, mu bi gida gida a adaidaita sahu.

A bayan gidanmu akwai wani tsoho da sana'arsa gyaran kwandunan tumatir. Shi da matarsa ne suke riƙe da jikoki uku marayu. Ba mota, ba mai neman kwando. Matata ce ta fara lura, ta ce kwana biyu ba ta ga hayaƙi ya tashi daga gidan ba, kuma ƙaramin jikan yana ta kuka. Na ɗauki ƙulli mafi girma na nufi ƙofarsa, ina jin kaina kamar wani gwamna.

Ya dubi ledar, ya dube ni. "Allah ya yi albarka, ɗan nan. Kai wa mabuƙata."

"Baba, ai kai ma..."

"Ni ma me? Tun kafin a haifi ubanka ka ji an ce na miƙa wa wani hannu?"

Ni kuwa ba a raba ni da saurin fushi. Na koma wajen kawu ina ta sababi, ina cewa girman kai rawanin tsiya, yara suna kwana da yunwa shi yana taurin kai. Kawu ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Kai dai bakinka ya fi hankalinka gudu. Mutumin da ya shekara sittin yana cin guminsa kake so ya koyi karɓa a yini ɗaya?"

A lokacin ana yankan alkamar kawu. A wajenmu idan an kwashe gona, duk zangarniyar da ta faɗi ƙasa ta mai kala ce, kowa na iya shiga ya tsinta, kuma ba a ɗaukarsa roƙo. Amma abin da aka ɗaure na mai gona ne, ko shekara ya yi a yashe. Kawu ya aika a faɗa wa masu kala cewa gobe za a saki gonar. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce in kwance dami uku in warwatsa su a ɓangaren da ke kallon gidan tsohon, inda ya san ta nan zai shigo.

Rana tana dukan ƙeya, ni kuma na gaji. Na ce a raina, me ya sa zan wahalar da tsoho da sunkuyo yini guda? Sai na jingine dammunan uku a bayan kunya, a ɗaurensu, na tafi ina yaba wa kaina wayo.

Washegari da hantsi muna masussuka sai ga shi. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf. Ya sauke damin a gaban kawu, ya ɗan tsaya numfashinsa ya dawo.

"Alhaji, yaranka ba sa tsoron Allah. Dami uku a ɗaure aka bar maka a gona! Biyu suna can na rufe da kara saboda awaki, ɗaya ƙarfina ya iya."

A kafaɗarsa akwai 'yar jaka, a ciki kalar da ya tsinta tun asuba, wadda ko an sussuke ba za ta cika kwano ba. Ita kaɗai zai kai wa jikokinsa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, idona ya ciko da hawaye.

Kawu ya watso mini harara guda, wadda har yau nake jin zafinta. Bai tona asirin ba. Ya juya ya ce, "Malam, ka ga halin da nake ciki da yaran zamani. Ga sauran gonaki biyu ba a yanke ba. Ka taimake ni ka tsaya mini a kansu har a gama. Ladanka kamar na kowane ma'aikaci, a aune maka a alkama duk yamma."

Tsohon ya ƙare wa kawu kallo. Can ya ce, "Alhaji, aiki ne ko dabara?"

"Ai ka ga ɓarnar da idonka."

"To zan yi." Ya nuna ni da sandarsa. "Amma wannan mai idon a tsaitsaye, da shi zan fara."

Kuma da ni ya fara. Kwana tara yana biye da ni, ko zangarniya ɗaya na yar sai ya sa na koma na ɗauka. Amma duk yamma yana komawa gida da awonsa a ka, yana gaisawa da mutane a hanya da murya sama. Kafin azumi ya raba, shi ne yake nuna wa kawu gidajen da muka tsallake, na mutane irinsa da gara su mutu da su faɗa. Yakan ce, "Wancan gidan kada ku je da adaidaita. Ku ba mace ta kai dafaffe a kwano, kamar yadda maƙwabta suka saba." Ba ƙulli ɗaya da aka sake dawo mana da shi.

Yanzu tsohon ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Kawu kuwa har yau bai taɓa ba wa kowa labarin nan ba, ni ne bakina ya kasa riƙewa. A wurinsa na koyi cewa ciyar da mai yunwa ba shi ne mai wuya ba. Mai wuya shi ne ka ciyar da mutum ya tashi da mutuncinsa cif, bai san ma ka yi masa komai ba. Ni da na ɗauki leda na je ƙofarsa ina taƙama, saura kaɗan in saye masa mutunci, abin da ya fi ƙarfin shinkafa, da ƙulli guda.