Rufin Ɗakin Baba Adamu a Zamalek

Hayyin Ashir, ƙarfe biyar da kwata

Wata Asabar ce cikin Maris na 2014. Ina idar da sallar asuba na juye littattafan fiƙihu daga jakata, na zuba guduma da sukundireba da tocila, na sauko daga hawa na biyar. Karatu ya kawo ni Alƙahira, amma kafin nan shekara tara na yi ina bin mahaifina aikin rufi a Jos, kuma bakina bai iya ɓoye wannan ba.

Da haka Baba Adamu ya san ni. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka tsaya a can kan hanyar Makka, shi kuma ya shekara talatin da ɗaya yana gadi a wani tsohon gida a Zamalek. A ɗan ɗakin lambun gidan yake kwana. Uwar gidan ta rasu, ɗanta likita ya dawo daga waje, ya dubi rufin ɗakin ya ce in ya mutu rushewa za a yi a samu wurin mota, in da sauransa a bari. Ya ce Baba ya kawo wanda ya san katako, ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. Baba ba shi da wani wurin zuwa.

Zuwa Ramsis

Na samu ƙaramar bas a bakin titi, fam biyu. Direban na ta kiran Ramsis kamar mai faɗa da garin. Mun kusa Abbasiyya aka tsayar da mu a shinge. Ɗan sanda ya duba takardar zamana, ya buɗe jaka ya ga guduma, ya tambaya ko da ita ake koyar da mu. Na ce rufi zan duba. Ya ɗaga kai sama ya ce rufin me, a garin da ba a ruwa, sannan ya miƙo min jakata. Shida da minti ashirin muna Ramsis. Na ci ful, dafaffen wakensu, da burodi a tsaye, na hau motar Imbaba, na sauka bayan gada.

Zamalek, bakwai saura

Baba na bakin ƙofa cikin farar jallabiya, da shayi a hannu. Shayin Sudan ne, sukari har cokali ya kusa tsayawa. Ban gama sha ba ya kawo tsani.

Rufin na falle-fallen katako ne, an jera wani kan wani kamar ɓawon kifi. Itacen da Larabawa ke kira arz ne, wanda gara ba ta so. Sau biyu kawai na taɓa taka irinsa, a tsofaffin gidajen Turawan kuza. Na fara da ɓangaren da rana ke duka. Katakon ya yi toka-toka, ya ɗan tsattsage, amma da na kankare shi da sukundireba sai ja ya fito, da ƙamshi kamar an fere sabon fensir. Na danna, ya ƙi shiga. Raina ya yi fari.

Da na zagaya ɓangaren da bishiyar mangwaro ta rufe sai murnata ta koma ciki. Bakin fallayen ya nannaɗe, ƙasansu ya yi baƙi, ƙusoshi sun ci tsatsa. Sukundireba ta nutse kamar cikin dafaffen rogo. Na zauna a kan rufin ina mamaki, don ruɓa irin wannan ruwa ke kawo ta, ga shi garin sai a yi wata da watanni ba a ga ɗigo ba.

Na leƙo na tambayi Baba ko akwai famfon da ke yoyo a kusa. Ya ce babu. Sai ya ƙara, da alfaharinsa, cewa shi dai bai taɓa barin rufin da ƙura ba. Kowace Juma'a in ya gama ban-ruwan lambu yakan ɗaga tiyo ya wanke shi tas, tun zamanin marigayiya, don tana son ganinsa fes. Gefen rana kan bushe kafin azahar. Gefen inuwa kuwa bai taɓa bushewa ba.

Na rasa ta inda zan fara. Mutum ya shekara talatin yana yi wa abu hidima, ni ɗan jiya in ce masa hidimar ce ta cinye shi. Na sauko na shiga ɗakin da tocila, na bi sandunan da ke ɗauke da rufin ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa. Lafiyarsu ƙalau, in ban da biyu a kusurwa. A nan zuciyata ta raya min in ce wa likita komai lafiya, wa zai hau ya duba? Amma gadon Baba a ƙarƙashin kusurwar nan yake.

Ƙarfe tara likita ya fito da kofi a hannu. Na faɗa masa duka da Larabcina na makaranta: kashi uku cikin huɗu na da rai, ɗaya ya mutu, sanduna biyu na son canji, kuma za a iya cire fallayen rumfar baya da ba wanda ke zama cikinta a cike gurbin. Ya tambayi abin da ya ruɓar da shi. Na ce ruwan tiyo. Baba ya sunkuyar da kai, ni ma na ji kunya kamar ni na yi.

Likita ya daɗe yana kallon rufin. Ya ce yana tuna mahaifiyarsa na tsaye a taga tana ba da umarnin wankin nan. Sannan ya tambaya, in an gyara shekara nawa zai kai. Na ce bakwai, wataƙila takwas, in an daina jiƙa shi aka rage reshen mangwaron. Ya ce khalas, shi ke nan, a gyara, bayan bakwai ɗin a sake magana.

Da ya shiga gida Baba ya riƙe hannuna.

"Ɗana, bakwai ɗin nan gaskiya ce, ko don ni ka faɗa?"

"Gaskiya ce, Baba. Ban ƙara ko ɗaya ba."

Ya lissafa shekarunsa da yatsu, ya yi ɗan murmushi. "To ta ishe ni. Wataƙila ma in bar wa likita canji."

Komawa

Ya cika min leda da dabino, ya raka ni har gada. A mota ban iya ci ba, ina ta tunanin mahaifina, wanda shi ma shekarunsa sun ja. Ɗaya da rabi na isa Hayyin Ashir, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni ban yi ƙarya ba. Asabar uku na yi ina komawa har aikin ya ƙare. A ta ƙarshe na tarar Baba ya ɗaura tsintsiya a bakin doguwar gora, yana tsaye a ƙasa yana share rufinsa a hankali.